Tura yarinya aikatau birni, shi ma fataucin yara ne?

Tambaya: Wata mata tana zuwa ƙauyenmu tana ɗaukar 'yan mata zuwa Abuja aikatau. Yanzu ta nemi 'yar yayana mai shekara 13, kuma iyayen sun amince. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wannan ma fataucin yara ne, ko kuwa ni ce mai zargi?

Amsa: 'Yar'uwa, hankalinki ya yi gaskiya. Da yawa idan an ce fataucin yara, sai tunaninsu ya tafi hanyar Agadas zuwa Libiya. Amma wanda ya fi yi mana ɓarna shi ne na cikin gida, daga ƙauye zuwa birni, a hannun wadda aka sani.

A dokar Najeriya ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ke aiki da ita, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Idan aka ɗauke shi don a ci da guminsa ko a yi lalata da shi, yardarsa ba ta wanke mai laifi, balle yardar iyaye. Dokar ta kuma hana sa ɗan ƙasa da shekara 12 aikatau kwata-kwata.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda abin ke tafiya a hankali. Albashin yarinya dillaliya ke karɓa, ta yaga kaɗan ta aika gida. Iyaye ba su san unguwar ba, ba su san sunan maigidan ba. Yarinya tana kwana a kicin kan tabarma, ɗakin ba sakata, ga samari a gidan. Ran da aka taɓa ta, wa za ta faɗa wa? An riga an ce mata kuɗin mota da na sutura bashi ne a kanta. Wasu ma ba gidan aiki ake kai su ba, hannun magajiya suke ƙarewa. Idan ciki ya fito, a sako ta mota da dare, gida kuma a rufe maganar don kunya.

Ki zauna da yayanki cikin girmamawa, domin talauci ne ya kai shi, ba ƙiyayya ba. Ki ce ya tambayi matar adireshin gidan, da lambar uwar ɗakin, da ranar da zai je ya ga 'yarsa. Ku nemi jin ta bakin yaran da ta kai a baya. In ta fara kame-kame, ku sanar da mai unguwa, ku kira NAPTIP a 627.

Wadda kuma aka riga aka ci zarafinta, a kai ta asibiti kafin awa 72, don a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe: a Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Kada a dake ta, kada a ce ita ta jawo wa kanta.