Kwana shida a tsakiyar teku: amsa ga tambayar Hajiya

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki tun shekaranjiya, na dakata ne ko wanda ya fi ni sanin harkar zai amsa, da na ji shiru sai na ga ya dace in faɗi abin da na gani da idona. Kin ce 'yarki da ke aure a Turai ta biya muku kuɗin jirgin ruwa na shaƙatawa, ke da maigida, daga Sifen zuwa Babados, wani tsibiri a yankin Karebiyan, a watan Nuwamba, kuma da kika duba jadawalin tafiyar kin tarar da kwana shida a jere bayan tsibiran Kanari waɗanda jirgin ba zai tsaya ko'ina ba. Tambayarki ita ce da me mutum zai cika waɗannan ranaku, musamman wanda ba ya rawa, ba ya shiga mashaya, ba ya caca, kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba.

Ni da uwargida mun yi irin wannan ƙetarawa a Nuwamban 2023, bayan na yi ritaya daga koyar da labarin ƙasa a nan Sakkwato. Namu jirgin ya tashi daga Basalona, ya tsaya a Tenerif, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari, sannan ya miƙa kudu maso yamma zuwa Salbado ta ƙasar Burazil, tazarar da ta haura kilomita 5,000. Irin wannan tafiya tana yawaita ne a Oktoba da Nuwamba, domin a lokacin ne kamfanoni suke kwashe jiragensu daga Bahar Rum kafin sanyi ya kankama, su kai su inda ake zafi, shi ya sa kuɗinta yake da sauƙi kuma kwanakin ruwa suke da yawa. Gudun jirgin bai wuce kilomita 35 zuwa 40 a awa ba, wato Keke Napep mai lafiya zai iya jerawa da shi, sai dai shi ba ya tsayawa dare da rana.

Kowane dare za a ajiye muku takardar shirye-shiryen gobe a ɗaki, ko a sa ta a manhajar jirgin, cike da abubuwa tun daga safe har tsakar dare. A rana ta farko na bi ta sau da ƙafa kamar ɗalibin da ke tsoron bulala, kafin la'asar kuwa na gane cewa da yawa daga cikinsu talla ce aka yi wa kwalliya: gwanjon zane-zane, baje kolin agogo da sarƙoƙi, bayani kan gyaran fata wanda ƙarshensa a miƙo miki kwalbar mai da farashinta. Dalili shi ne kantuna da gidan cacar jirgi galibi a rufe suke idan yana tashar ruwa, sai an fita teku ake buɗe su, saboda haka ranakun da kike tsoro su ne ranakun kasuwarsu. Akwai masu amfani a ciki, kamar nunin girki, wanda ido ke fahimta ko da kunne bai ji yaren ba, da laccar da wani jami'in jirgi ya yi kan yadda ake tace ruwan teku ya zama na sha. Ki zaɓi ɗaya ko biyu a rana, ki bar sauran.

Abin da ke gundurar mutum a teku, a ganina, ba rashin abin yi ba ne. A gida ranarmu tana da turakun da aka ɗaure ta: kiran salla daga masallacin unguwa, fitar yara makaranta da dawowarsu, sallamar mai nono, baƙon da ya faɗo bayan la'asar. A jirgi duk waɗannan sun ɓace, abinci yana nan kusan kowane lokaci, wuta ba ta ɗaukewa, kuma ruwan da kika gani da safe shi ne na yamma. Ga shi kuma tafiyar yamma tana ƙara wa rana tsawo, domin ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a wasu darare. Mu sau 3 aka mayar mana bayan Tenerif, ku kuwa sau 4 za a yi tsakanin Kanari da Babados, wato za ku sami ranaku huɗu masu awa 25. Wanda bai kafa wa ranarsa turaku da kansa ba, zai wayi gari yana barci da hantsi, yana yawo a bene da tsakar dare, bai san Talata ce ko Laraba ba.

Mu da salloli biyar muka kafa namu, kuma lissafin ya zo daidai yadda ban yi zato ba. Izu biyu bayan kowace salla izu goma ke nan a rana, a kwana shida kuwa izu sittin, sauka cikakkiya. A gida ban taɓa samun wannan natsuwa ba sai a goman ƙarshe na azumi. Game da ƙasaru, mun bi abin da malaminmu ya bayyana mana kafin mu tashi, ke ma ki tambayi naki. Alƙibla ce ta ɗan ba mu wahala da fari, domin kamfas na waya yana rikicewa a cikin jirgi saboda yawan ƙarfe. Mafita tana cikin talabijin ɗin ɗaki, akwai tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, kuma da yake a ƙetarawa yakan riƙe hanya ɗaya kwana da kwanaki, idan kin gane alƙibla a rana ta farko ba za ta sauya sosai ba. Tamu ta faɗa tsakanin bayan jirgi da gefensa na hagu. Taku, tunda yamma za ku dosa kuna ɗan karkata kudu, za ta kasance kusan bayan jirgin sak. Lokacin fitowar rana da faɗuwarta kuwa ana rubuta shi a takardar shirye-shirye, kuma ki amince da agogon jirgi fiye da na waya.

Bayan karatun asuba muna zagaya benen da ake tafiya a kai har rana ta ɗaga, kuma wannan zagaye ne ya hana abincin jirgi yi mana illa. Ki kiyayi cin abinci don kashe lokaci, shi ne tarkon da ya fi kama dattawa, musamman masu ciwon suga ko hawan jini. Mun tsaya ga kifi da kayan lambu, da yajin da uwargida ta ƙulla daga gida.

Abu na biyu shi ne majalisa, domin Bahaushe ba ya rayuwa babu hira, kuma a nan ne maganar Turanci da kika kawo ta zama ƙaramar matsala. A rana ta biyu na roƙi wani ma'aikaci kwali, na zana gidajen dara 30, biyar a shida, na tara ƙwallayen dabino 12 da marafan gorar ruwa 12, na zauna a wani lungu kusa da taga ina wasa ni kaɗai, hagu da dama. Ba a jima ba wani dattijo ɗan Burazil ya tsaya a kaina yana kallo. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin Fotugis, sai na jera ƙwallaye uku a layi na ɗauke nasa marfi ɗaya, ya gyaɗa kai, ya ja kujera. A rana ta uku ya fara cinye ni, har yana buga tebur yana dariya, kuma daga nan kullum bayan azahar akwai mutum huɗu ko biyar da ke jiran layi. Har muka rabu ban iya furta sunansa daidai ba, shi kuma "Malam" yake ce mini saboda ya ji uwargida na faɗa. Ki gaya wa maigida ya tafi da dara ko ludo, ba su da nauyi a jaka.

Uwargida kuwa lalle ne ya buɗe mata ƙofa. Ta je wurin da mata ke taruwa da safe suna saƙa, wata Ba'italiya ta kama hannunta tana juya shi tana kallon zanen da aka yi mata a Mabera kafin mu taso. Washegari ta kwaɓa ɗan lallen da ta riƙo, ta zana mata a tafin hannu, kafin jirgi ya isa gaɓa ta yi wa mata sama da goma, su kuma suka koya mata wata irin saƙa ta kwarashi da har yau take yi wa jikoki hula da ita. Idan kina da sana'ar hannu, ko saƙa ko ɗinki ko kitso, ki tafi da kayanta, ki zauna a fili inda za a gan ki.

Abu na uku shi ne tekun kansa, wanda nake ganin mutane sun fi yi wa rowar ido. Mu da muka tashi ba mu san ruwan da ya wuce Gulbin Rima da madatsar Goronyo ba, kallon wannan ruwa kaɗai ya isa aiki. Da tsakar rana kyaftin yakan yi sanarwa ta lasifika, ya faɗi inda ake, da zurfin ruwa, wanda a wurare da yawa ya haura mita 4,000, da nisan da ya rage. Nakan rubuta wannan a ɗan littafi, in sa ɗigo a taswirar da na tafi da ita. Idan kika tsaya a gefe kika zuba ido inda jirgi ke keta ruwa, za ki ga kifaye masu fiffike suna tashi garke-garke kamar fara, su yi tafiya a iska su sake nitsewa. Wata safiya, muna yamma da gaɓar Senigal, sararin sama ya yi hazo, na shafa ƙarfen da ake dafawa sai ga jar ƙura a yatsana. Ƙurar hunturu ce, irin wadda iska ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta bi ta kanmu a Sakkwato ta wuce har tsakiyar Atlantika. Shekara da shekaru ina koyar da wannan a allo, ban taɓa shafa ta a can ba sai ranar.

Ban ɓoye miki ba, akwai ranar da wannan ruwa ya yi mini nauyi a zuciya. Kafin tafiya na karanta tarihin Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka sayar da su ta gaɓar Legas da Wida, aka ƙetara da su wannan teku a ɗaure, tafiyar fiye da wata guda, zuwa Salbado ɗin da muka dosa. Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawaye a can a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban boren watan Janairun 1835, wanda ya faɗo a cikin azumi, aka tarar da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Hanyarku ma ta bayi ce, domin gonakin raken Babados da gumin mutanen Afirka ta Yamma aka noma su. Ki sa 'yarki ta nemo muku abin karantawa ko na saurare kan wurin da za ku, domin mutum yana ganin ruwan da wani ido dabam idan ya san wa ya riga shi bi ta kansa.

Intanet na jirgi ta tauraron ɗan'adam yake zuwa, kuma sayensa ake yi da tsada. Ki sauke tafsiri da karatu da duk abin da kike son kallo tun a gida, sannan ki sa waya a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha. Ni na manta da wannan a dare na farko da layin Turai da aka ara mini, wayar ta kama sabis ɗin jirgi, kuɗin da ke ciki ya ƙare kafin asuba. Idan jiri ko tashin zuciya ya zo, ki koma tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa inda ba ya tangaɗi sosai, ko ki fita iska ki kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ki tauna citta. Ƙwayoyin da ake sha don haka suna sa barci, ki nemi shawarar likita tun kafin tafiya.

Rana ta huɗu ce ta fi wuya a gare mu, ɗoki ya wuce, gaɓa kuma ba ta kusa ba, uwargida ta tashi da kewar jikoki ba ta son magana. Da mun sani, da mun ajiye sayen intanet na kwana ɗaya don wannan rana, a kira gida a ga fuska. Ki tuna kawai cewa a lokacin Sakkwato tana gabanku da awa uku ko huɗu, kuma za ta kai biyar idan kun isa, saboda haka kiran safe ya fi.

Da dare, ki roƙi maigida ku hau bene na sama ku nemi inda fitilu ba su da yawa. Kaza da 'ya'yanta tana fitowa daga gabas da farkon dare a Nuwamba, kamar yadda kika saba ganinta. Ku nemi tauraron arewa tun a Kanari, inda yake tsaye kimanin digiri 28 sama da ruwa, ku riƙa duba shi kowane dare yana sauka kaɗan-kaɗan. Mu ya nitse mana gaba ɗaya da muka ƙetare Ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu. Ku ba zai ɓace muku ba, domin Babados tana kan digiri 13 ne arewa da Ikwaita, daidai da Sakkwato, saboda haka daren da kika gan shi a tsayin da yake a tsakar gidanki, ki fara haɗa kaya.