Dodannina na yumɓu sai fashewa suke yi

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Ni ɗalibi ne, in an yi hutu nakan ɗebo yumɓu a bakin rafi in riƙa gina halittun tatsuniya, su Dodo mai kai biyu, doki mai fukafukai, har macijin rijiyar Kusugu na gina. Amma da sun bushe sai su tsattsage, fukafukan su ɓalle, wanda na saka a wuta kuma ya tarwatse. Ina matsalar take?
Daga wani matashi a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, wallahi ka burge ni, kar ka bari. Ruwan da ya maƙale a cikin yumɓun shi ke maka ɓarna, in ka gina Dodo dunƙule guda waje zai bushe ciki kuwa da sauran danshi, yana shiga wuta ruwan ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, shi kenan sai fashewa.

To ka riƙa rarake cikinsa, kaurin jikin kar ya wuce ɗan yatsa, ka huda ƙofa a ƙasa ko a baki. Kawunan yumɓun da aka tono a Nok, kudancin jihar Kaduna, sun haura shekara 2,000 kuma cikinsu rarake yake, ga huji a ido da hanci da baki, ai mutanen nan sun san aikinsu.

Sannan ka daka tsingaro ka tankaɗe ka cuɗa a yumɓun kamar yadda masu ginin tukwane suke yi, yana rage tsagewa sosai. Fukafukai kuma kafin ka liƙa ka kakkarce wajen haɗin ka shafa yumɓu mai ruwa-ruwa. Saka wayar ƙarfe a ciki don ta riƙe ginin kam a'a, yumɓu yana tsukewa in yana bushewa ita kuwa ba ta tsukewa. A inuwa za ka shanya, ka lulluɓe da leda musamman da hunturu, in ka kanga shi a kumatu ka ji sanyi to bai bushe ba tukuna.

In kana son zana ɓawon jikin maciji kuwa, je ka nemo hotunan tukwanen Ladi Kwali, wadda ke bayan naira 20, ka ga yadda ta zana kada da ƙadangare da kunama. Batun gasawa a wuta kuma, ka roƙi masu tukwanen unguwarku su saka maka naka a cikin nasu ranar da za su yi.