Anti, siram ɗin da na saya ya sa kaina danƙo

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Na sayi siram na gashi saboda ƙawata tace yana sa sheƙi, kullum da safe sai in tsaga kaina in shafa har fatar kai kamar yadda nake da man kitso. Yanzu sati uku kenan gashin yayi danƙo, kan na ta ƙaiƙayi, ɗankwalina duk maiƙo. Ko jabu aka sayar min ne? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina ganin ba laifin kwalbar bane, wajen shafawar ne aka samu matsala, kuma wallahi ba ke kaɗai ba, mata da yawa haka suke yi don mun taso muna ganin ana tsaga kai ana bin tsagar da man kaɗanya ko man kwakwa.

Shi siram ba man kitso bane. Juya bayan kwalbar ki duba, yawanci zaki ga an rubuta dimethicone ko wani suna makamancinsa, silikon ne, aikinsa ya lulluɓe silin gashi ya kwantar dashi ya sa santsi da sheƙi, ba ya shiga ciki kuma ba ya sa gashi tsiro. To in kika zuba shi a fatar kai kullum ba wanki, taruwa yake ya haɗu da zufa da ƙura, balle mu da kai ke wuni cikin ɗankwali da hijabi, daga nan danƙo da ƙaiƙayi suke zuwa.

Fara wanke kan tas da shamfu mai kumfa sosai, sau biyu ma, don ruwa kaɗai ba ya fitar da irin wannan silikon ɗin. Ki sa kwandishana ki ɗauraye, ki tsane da tawul a hankali banda gurzawa. Lokacin da gashin yake da ɗan danshi amma ba ya ɗiga, nan ne lokacin siram. Ɗigo 2 ko 3 a tafin hannu ya isa, in gashin naki mai cika ne ki raba shi gida huɗu kowane ɓangare ɗigo ɗaya, ki murza hannuwanki har ya bazu sannan ki kama daga tsakiyar gashi ki ja zuwa bakinsa. Bakin gashi ki fi ba muhimmanci, shi ne ya fi tsufa, shi ke tsagewa yana karyewa ki ganshi a jikin mataji. Sai ki taje da mataji mai manyan haƙora daga ƙasa zuwa sama.

Abin da yake damuna shi ne masu shafa shi a busasshen gashi da hunturu suna jiran laushi. Siram riƙe danshin da ya tarar yake, in bai tarar da komai ba sheƙi kawai zaki gani gashin na nan ƙandas.

Ranar wankin kai ya wadatar, ba sai kullum ba. Ki bari kan ya bushe kafin ki ɗaura ɗankwali. In bayan kin wanke kin daina shafawa a fata ƙaiƙayin bai lafa ba cikin sati biyu, ko kika ga ƙuraje, ki je ki ga likitan fata.