Amsa: An ce gwajin sankarar bakin mahaifa ya canza, me ya sa asibitinmu bai canza ba?

'Yar'uwa, kin ce kin ji a rediyo an koma gwajin HPV, wato ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, amma a asibitin ƙauyenku ta wajen Gwaram har yanzu ruwan khal ake shafawa a bakin mahaifa a duba.

Ba laifin ma'aikaciyar ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita gwajin HPV, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV kuwa daga 25 take farawa. To amma shawara daban, kayan aiki daban. Sai an samu na'ura, wutar lantarki, horo, da mai kai samfur birni ya dawo da sakamako. Kafin nan, hukumar da kanta ta yarda a ci gaba da na khal duk shekara 3, kuma nan take ake ganin sakamakonsa.

Kada ki zauna jiran sabon, ki je a yi miki wanda yake akwai. Kada kuma ki ce sai kin ji ciwo, wannan sankara a farkonta shiru take.

In kina ganin jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, wannan ya wuce gwajin ƙauye. Ki nemi takardar turawa zuwa likitan mata a Birnin Kudu ko Asibitin Malam Aminu Kano.