Amsa ga mai son yin masta a forensik saikoloji

Malama Hauwa, kin tambaya ko da digirinki na saikoloji za ki iya yin masta a forensik, wato ɓangaren saikoloji da ke aiki da kotu da masu laifi, kuma ko akwai aikin yi a nan Kaduna. To iyawa kam za ki iya, amma ki cire hoton masu bincike na fim daga ranki. Aikin yawanci zama ne da wanda ake tuhuma, ki auna ko hankalinsa ya isa ya fahimci shari'ar da ake masa, ki rubuta rahoton da lauya zai yi ta jan ki a kai gaban alƙali.

Ni dai shawarata ki fara da kilinikal saikoloji, wato ɓangaren duba masu matsalar ƙwaƙwalwa, ki nemi yin firaktikal a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, ga gidan gyaran halin yara ma duk a Barnawan yake. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1958, an fara damawa da fannin amma guraben aiki kaɗan ne wallahi.

In Ingila kike hari, masta kawai bai isa ba fa, sai kin ƙara da aiki ƙarƙashin kulawa kafin HCPC, hukumar da ke rajistar masu irin wannan aiki a can, su yi miki rajista.