Tambaya da Amsa: Ko Ya Dace In Kai Rahoton Tangarɗar Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina amfani da ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a kwamfutata ta tafi-da-gidanka. Tun bayan sabuntawar da na yi kwanan baya, duk lokacin da na rufe murfinta na sake buɗewa sai intanet ya ɗauke, ba ya dawowa sai na kashe ta na kunna. Wani abokina ya ce in sanar da masu kula da manhajar, amma ni ban iya rubuta manhaja ba, kuma ina zaton wani ya riga ni. Shin akwai amfanin in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar abokinka daidai ce, ɗan'uwa, kuma rashin iya rubuta manhaja ba zai hana ka ba. Tun da Linus Torvalds ya fara Linux a 1991, aikin ya ginu ne a kan haɗin gwiwar mutane da ke warwatse a duniya, wasu a bakin albashi, wasu kuma na sa kai, kuma babu ɗayansu da yake da kowace irin kwamfuta a gabansa. Matsala irin taka sau da yawa tana fitowa ne daga rashin jituwa tsakanin sabuwar manhaja da takamaiman na'urar kama intanet da ke cikin kwamfuta, don haka mai yiwuwa wanda ya rubuta wannan sashe bai taɓa ganinta ba, domin tasa tana aiki lafiya lau.

Zaton cewa wani ya riga ka shi ne yake barin matsaloli su daɗe, kowa yana jiran kowa. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga kwamfutarsa ta hanyar SSH, wato tsarin shiga kwamfuta daga nesa, yana ƙara jinkiri na kimanin rabin daƙiƙa, abin da mafi yawanmu za mu kau da kai a kansa. Da ya bi diddigi sai ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka dasa da gangan a cikin XZ Utils, wata manhajar matse fayiloli, ya sanar kafin ta shiga tsayayyun fitowar manyan nau'o'in Linux.

Sai dai rahoto iri-iri ne, kuma wanda bai wuce "intanet ba ya aiki" ba yana cin lokacin masu gyara ne kawai. Ka fara duba rumbun rahotannin manhajarka. Idan wani ya kawo irin matsalar, ka ƙara bayaninka a ƙarƙashin nasa. Idan babu, ka rubuta sunan manhajar da lambar fitowarta, da samfurin kwamfutarka, sannan ka jera abin da ya faru daki-daki: na haɗa intanet, na rufe murfi, na buɗe, alamar Wi-Fi ta ɓace. Ka ambaci cewa kafin sabuntawa ba haka take ba, domin wannan jimla guda tana taƙaita musu bincike ƙwarai. Masu nau'in Linux na Ubuntu suna da umarnin ubuntu-bug, masu nau'in Debian kuma reportbug, waɗanda suke tattara bayanan fasaha da kansu, amma ka karanta abin da suka tattara kafin ka aika, saboda sunanka ko sunan layin intanet ɗinka yana iya shiga ciki. Idan kuwa matsalar ta shafi tsaro, kada ka baza ta a fili. Manyan nau'o'in Linux suna da hanyar sanar da sashen tsaronsu a asirce.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne komawa bayan ka aika. Masu gyara za su iya neman ƙarin bayani ko su roƙe ka ka gwada wani gyara, tunda kwamfutar da ke da matsalar tana hannunka. A Launchpad, inda Ubuntu take karɓar rahotanni, duk rahoton da aka nemi ƙarin bayani a kansa aka ji shiru har kwana 60 yakan rufe da kansa.