Yawan ƴaƴa ba shi ne alamar macen alade ta gari ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka ware matan aladen da suka fi haihuwa da yawa su zama irin garkenka a nan Yamai. A'a, kar ka yi zaɓe da yawan haihuwa kaɗai. Ka duba nawa ne suka kai yaye da ransu. Idan ciki ya yi yawa, ƴaƴan kan fito ƙanana, wanda bai kai kilo 1 ba kuwa shi ne ke rasa ƙarfin kama nono, ko uwar ta kwanta ta danne shi. Idan mace mai kan nono 14 ta haifi 17, wasu kan rasa isasshen dakashi a ranar farko, ranar da suka fi bukatarsa. Ko a Danmark, a 2004 sun koma ƙirga ƴaƴan da ke raye a kwana na 5 wajen zaɓen iri.

Ga sharaɗi guda daga abin da nake gani a garken da nake dubawa: zafin Afrilu da Mayu yana hana mai shayarwa cin abinci, nononta ya ragu, ta rame har ƙashin bayanta ya fito, ta kuma yi jinkirin komawa barbara. Irin Turai ya fi shan wannan wahala. In ba ka da inuwa da isasshen ruwa, riƙe ƴar da uwarta ke yaye 9 ko 10 lafiyayyu, take kuma kwanciya a hankali, ka ƙirga kan nonon ƴar kafin ka ajiye ta.